Albert Einstein: Ma'aikacin gwamnatin da bai rabu da gogensa ba

Duniya ta san Albert Einstein a matsayin masanin kimiyyar fiziks wanda ya sauya fahimtar ɗan Adam game da haske da lokaci da sararin samaniya. Abin da ba a cika ambata ba shi ne, ya shafe shekara bakwai yana ma'aikacin gwamnatin tarayya a ƙasar Suwizalan, kuma tun yana yaro har ya tsufa bai rabu da biyolin ba, wato gogen Turawa mai tsirkiya huɗu da ake ɗorawa a kafaɗa. Bai taɓa cin abinci da kiɗa ba, amma kiɗan ya yi masa rana a kusan kowane mataki na rayuwarsa.

An haife shi ranar 14 ga Maris, 1879, a garin Ulm na ƙasar Jamus, ya kuma tashi a birnin Munich. Mahaifiyarsa Pauline gwanar kaɗa fiyano ce, ita ce ta sa shi koyon goge yana wajen shekara shida. Da farko abin bai kwanta masa a rai ba, domin malamansa sun fi ba da ƙarfi ga maimaita darasi ɗaya har a gaji. Sai da ya kai shekara goma sha uku ya ci karo da kaɗe-kaɗen Mozart, daga nan ya riƙa zama da gogen don kansa, ba tare da an tilasta masa ba. Yana ɗan shekara goma sha bakwai a makarantar garin Aarau, jami'in da ya zo jarraba ɗalibai a fannin kiɗa ya yaba da yadda ya kaɗa wani sashe na kiɗan Beethoven cikin fahimta.

Amfani na farko da gogen ya yi masa shi ne samun aboki. A wani zaman kiɗa da aka yi a wani gida a birnin Zurich, lokacin yana ɗalibi, ya haɗu da wani injiniya mai suna Michele Besso, wanda shi ma yake kaɗa goge. Abotarsu ta ɗore kusan shekara sittin.

Bayan ya kammala karatu a 1900, Einstein ya yi shekara biyu yana neman aiki na dindindin bai samu ba, sai 'yan koyarwa na wucin gadi. A watan Yunin 1902 aka ɗauke shi a ofishin tarayya mai rajistar ƙirƙire-ƙirƙire da ke Bern, babban birnin ƙasar, a kan mataki na uku na ƙwararrun ma'aikata, da albashin faran 3,500 a shekara. Aikinsa shi ne duba takardun masu neman a yi wa na'urorinsu rajista, awa takwas a rana, kwana shida a mako. A 1904 Besso ya shigo wannan ofishi bisa shawararsa, suka riƙa tattauna matsalolin kimiyya a hanyarsu ta komawa gida. A 1905, yana nan a kan teburinsa na ma'aikaci, ya wallafa maƙaloli huɗu da suka girgiza fannin fiziks. A maƙalar da ta yi bayanin dangantakar lokaci da motsi, mutum ɗaya tak ya gode wa da suna, shi ne Besso, abokin da kiɗa ya haɗa su.

Amfani na biyu shi ne hutun ƙwaƙwalwa. Iyalinsa, ciki har da ɗansa Hans Albert, sun ba da labarin cewa duk lokacin da lissafi ya cije masa, yakan ajiye alƙalami ya ɗauki goge ko ya zauna gaban fiyano, bayan wani lokaci ya koma kan aikin da sabon tunani. Lissafi da nazari ne suka haifi bincikensa, amma kiɗan ne yake kwance masa kai idan ya ɗaure.

Da ya koma Berlin a 1914, gogen ya buɗe masa ƙofofin zumunci da muƙami kaɗai ba ya buɗewa. Ya riƙa kiɗa a gidan Max Planck, babban masanin fiziks kuma gwanin fiyano. Bayan ya sami lambar yabo ta Nobel ta 1921, ya ƙulla abota da Sarauniya Elisabeth ta Beljiyam, wadda ita ma take kaɗa goge, suka riƙa kiɗa tare a fadarta.

A 1933 'yan Nazi suka karɓi mulkin Jamus. Da yake shi Bayahude ne, ya rasa gida da dukiya da ƙasar haihuwa, ya koma garin Princeton na Amurka. Gogen da yake kira Lina yana cikin abin da ya tsira da shi. A watan Janairun 1934 ya kaɗa shi a wani taro a birnin New York domin tara kuɗin taimaka wa masana da suka gudo daga Jamus. Sannu a hankali ya tara sababbin abokan kiɗa a baƙuwar ƙasa, yana karɓarsu a gidansa. Da tsufa ya kama yatsunsa wajen 1950, ya jingine gogen ya koma ga fiyano. Ya rasu ranar 18 ga Afrilu, 1955, yana da shekara 76, wata ɗaya bayan rasuwar Besso.

A ƙasar Hausa an fi ɗaukar kaɗa goge ko kukuma ko garaya a matsayin sana'ar gado, shi ya sa ma'aikacin ofis ba ya ko tunanin koyo. Einstein bai gaji kiɗa a matsayin sana'a ba, masu sauraronsa ma ba su sa shi a sahun manyan gwanaye ba. Duk da haka abin da ya koya yana ɗan shekara shida ya ba shi aminin da ya taya shi tunani, ya ba shi mafaka bayan an tashi daga aiki, ya kuma bi shi gudun hijira a lokacin da ya rasa ofis da muƙami.