Adnan Menderes: Firaministan da ya nuna wa manoman Turkiyya darajar ƙuri'a

An haifi Adnan Menderes a shekarar 1899 a Aydin da ke yammacin Turkiyya, a gidan manyan masu gonaki. Ya shiga majalisa a 1931 ƙarƙashin CHP, jam'iyya ɗaya tilo a lokacin. Bayan ya soki dokar rabon filayen noma ta 1945 aka kore shi, sai shi da Celal Bayar da wasu suka kafa jam'iyyar Demokrat a 1946.

Jam'iyyar ta jingina da masu gonaki da 'yan kasuwa da masu faɗa-a-ji na karkara, waɗanda kowannensu ke jan ƙuri'un danginsa da masu ci a ƙarƙashinsa. Da taimakonsu ta lashe zaɓen 14 ga Mayun 1950. Gwamnatinsa ta ɗage haramcin kiran salla da Larabci, ta shimfiɗa hanyoyi, ta wadata ƙauyuka da taraktoci da bashin noma. Talaka ya gane ƙuri'arsa tana da daraja, ya kuma gane cewa biyan buƙata sai ta hannun jagoran jam'iyya na yankinsa.

Waɗanda suka bijire kuwa sun ɗanɗana kuɗarsu. Da Kirshehir ta zaɓi 'yan adawa a 1954, sai aka rage mata matsayi daga lardi zuwa gunduma.

Sojoji sun kifar da shi ranar 27 ga Mayun 1960, aka rataye shi a tsibirin Imrali ranar 17 ga Satumban 1961. A 1990 aka mayar da gawarsa Istanbul cikin girmamawa, kuma har yau manyan 'yan siyasar ƙasar na neman ƙuri'a da sunansa.