Manfred Donike: Ɗan Tseren Keken Da Ya Zama Dodon Masu Shan Ƙwayar Ƙara Kuzari

Duk wanda ya daɗe yana kama gidajen rediyon ƙasashen waje ba zai manta da sunan birnin Kolon ba, domin daga can ne Sashen Hausa na Muryar Jamus ya yi shekaru yana watsa shirye-shiryensa kafin ya koma Bon a 2003. To, a wannan birni ne wani masanin kimiyyar sinadarai mai suna Manfred Donike ya kafa ɗakin gwaje-gwajen da manyan 'yan wasan duniya suka riƙa jin tsoronsa kamar mutuwarsu. Aikinsa shi ne duba fitsarin 'yan wasa don gano waɗanda suka sha ƙwaya ko suka yi allurar ƙara kuzari. Aiki ne da mutum zai iya rainawa, amma ta dalilinsa an ƙwace lambobin zinare, an kuma tilasta wa ƙasashe sake dabara.

An haifi Donike ranar 23 ga Agusta, 1933, a wani ƙauye da ke kusa da Kolon ɗin. Tun yana saurayi ya rungumi tseren keke, kuma ba da wasa ba. A shekarun 1950 ya zama zakaran Jamus a tseren 'yan bibbiyu na cikin fili, inda abokan tsere biyu ke karɓar juna, ya kuma yi ta shiga tseren kwana shida da ake yi a rufaffun ɗakunan wasa lokacin sanyi. A 1960 da 1961 ya shiga babban tseren zagaya Faransa da ake kira Tour de France. A wancan zamani kuwa ƙwayar amfetamin, mai hana barci da ɓoye gajiya, ta zama ruwan dare a tsakanin masu tseren keke, kuma babu mai gwada kowa. Ke nan Donike bai koyi halin 'yan wasa a littafi ba. Ya kwana da su, ya ci abinci da su, ya san abin da ake sakawa a aljihun riga kafin a hau keke.

Yana tsere yana karatun kimiyyar sinadarai a Jami'ar Kolon, har ya sami digirin dakta a 1965. Shekara biyu bayan haka, wato ranar 13 ga Yuli, 1967, ɗan tseren Ingila Tom Simpson ya faɗi ya mutu yana hawan dutsen Ventoux a gasar ta Faransa, aka kuma sami amfetamin a jikinsa. Wannan mutuwa ta girgiza hukumomin wasanni. Kwamitin Olamfik na Duniya ya fara gwajin 'yan wasa a 1968, sai dai kayan aikin na lokacin ba su taka kara sun karya ba. A gasar Meziko ta wannan shekara mutum ɗaya tak aka kama, wani ɗan Siwidin, shi ma laifinsa giya ya sha.

Matsalar ita ce fitsarin ɗan'adam cike yake da ɗaruruwan sinadarai, kuma abin da ake nema a ciki ɗan mitsitsi ne. Na'urar da ake amfani da ita takan mayar da samfurin tururi, ta tura shi cikin wani dogon siririn bututu, inda kowane sinadari ke fitowa a nasa lokaci, kamar yadda 'yan tsere ke isowa ɗaya bayan ɗaya. Amma sinadarai da yawa ba sa yarda su zama tururi, sai dai su lalace in an zafafa su. A 1969 Donike ya haɗa wani ruwa da masana ke kira MSTFA, wanda in an zuba shi kan samfurin yake sa irin waɗannan sinadarai su tashi ba tare da sun lalace ba. Wannan ruwa ya wuce harkar wasanni, domin ɗakunan gwaje-gwajen asibitoci da na binciken guba da na abinci duk sun ɗauke shi, kuma har yau ana aiki da shi. Ko da a ce bai ƙara yin komai ba a rayuwarsa, da wannan kaɗai ya isa a tuna da shi.

A gasar Olamfik ta Munik a 1972 aka damƙa masa aikin gwaji. An duba samfura sama da 2,000, aka kama mutum 7. Cikinsu har da wani yaro ɗan Amurka mai shekara 16, Rick DeMont, wanda ya rasa zinarensa na ninƙayar mita 400 saboda sinadarin efedrin da ke cikin maganin asmarsa. Har yanzu akwai masu ganin an zalunci yaron, tunda ya sanar da likitocin tawagarsa maganin da yake sha. Na'ura dai ba ta san niyya ba, abin da ta gani take faɗa. A 1977 Donike ya zama shugaban cibiyar nazarin sinadaran jiki ta Jami'ar Wasanni ta Jamus da ke Kolon, inda ya zauna har ƙarshen rayuwarsa.

Kafin nan salon maguɗin ya riga ya canza. 'Yan wasa sun koma ga magungunan gina tsoka da ake kira sitiroyid, waɗanda aka fara gwadawa a Olamfik ta Montiriyal a 1976. Da masu horarwa suka ga haka, sai suka gano wata kafa. Ɗan wasa zai yi ta shan ƙwayar watanni, in gasa ta matso sai ya dakata, ya cike gurbin da allurar testosteron, wato sinadarin mazakuta da jikin kowane mutum ke yi da kansa, na namiji da yawa, na mace kaɗan. To, ta yaya za a tuhumi mutum da abin da aka halicce shi da shi? A gasar Mosko ta 1980 an yi gwaji, aka ce ba a kama ko mutum ɗaya ba. Mai hankali ya san wannan ba tsarki ba ne.

Anan ne Donike ya yi aikin da ya fi kowanne fitar da sunansa. Ya lura cewa jiki na fitar da wani sinadari ɗan'uwan testosteron, mai suna efitestosteron, wanda ba ya gina tsoka, kuma a fitsarin yawancin mutane su biyun sukan zo kusan kai ɗaya, ɗaya bisa ɗaya. In mutum ya yi allurar testosteron, na farkon zai yi sama, na biyun kuwa ba zai bi shi ba. Saboda haka ba sai an tambayi yawan testosteron ɗin ba, abin dubawa shi ne tazarar da ke tsakaninsu. Ya gwada wannan dabara a kan samfuran Mosko ba a hukumance ba, sai ya tarar kusan kashi 20 cikin 100 na waɗanda ya duba sun haura shida bisa ɗaya, cikinsu har da masu lambar zinare 16. Ba a hukunta kowa ba tunda babu dokar a lokacin, amma a 1982 Kwamitin Olamfik ya amince da shida bisa ɗaya a matsayin iyaka. Jamus ta Gabas, wadda gwamnatinta ce da kanta ke ɗura wa 'yan wasa magani, ta mayar da martani ta hanyar sa kamfanin Jenapharm ya haɗa efitestosteron ɗin, don a riƙa yin allurar biyun tare lissafi ya daidaita. Wannan ya fito fili ne a takardun da aka bankaɗo bayan haɗewar Jamus a 1990.

A watan Agustan 1983 Donike ya kwashi na'urorinsa da ma'aikatansa zuwa Karakas ta ƙasar Benezuwela, inda ake gasar ƙasashen nahiyar Amurka. 'Yan wasa sun zo da zaton gwajin da suka saba ne. Da aka fara kama masu ɗaga ƙarfe, ciki har da Jeff Michels na Amurka da ya rasa zinare uku, sai labari ya bazu a masauki. Kwatsam sai kimanin 'yan guje-guje da tsalle-tsalle 12 na Amurka suka tattara kayansu suka koma gida ba tare da sun yi wasa ba, wasu na wasu ƙasashen kuma ciwo ya kama su dare ɗaya. A wannan shekara ce kuma ya fara taron shekara-shekara na masu gwajin 'yan wasa a Kolon, inda yake koya wa masana na ƙasashe daban-daban dabarunsa. Taron na nan har yau, da sunansa ake kiransa.

Sai kuma batun Ben Johnson, wanda kusan kowa ya ji. Ranar 24 ga Satumba, 1988, ɗan Kanadan ya gama tseren mita 100 a Siyol cikin daƙiƙa 9.79, ya bar Carl Lewis a baya. Ɗakin gwajin Koriya ta Kudu ya sami sitiroyid mai suna sitanozolol a fitsarinsa, maganin da 'yan wasa ke ganin yana da wuyar ganowa, alhali mutanen Kolon sun riga sun yi nisa wajen nazarin abin da yake komawa a cikin jiki. Jami'an Kanada suka zo gaban kwamitin likitoci da hujjar cewa wani ne ya zuba masa maganin a abin sha bayan tseren. Donike, wanda ke cikin kwamitin, ya nuna musu cewa sinadaran da jikin Johnson ke yi da kansa sun yi ƙasa ƙwarai, abin da ba ya faruwa da sha ɗaya sai da daɗewa ana sha. Nan hujjar ta rushe, aka karɓe zinaren. Wasu masana sun soki wannan hujja tasa da cewa ba ta cikin ƙa'idojin gwaji na lokacin, kuma suna da gaskiyarsu. Sai dai a 1989 Johnson da bakinsa ya amsa a gaban kwamitin bincike na Mai Shari'a Dubin a Kanada cewa ya yi shekaru yana sha.

A farkon 1992 ɗakin nasa ya karɓi samfuran wasu 'yan tsere mata uku na Jamus da ke atisaye a Afirka ta Kudu, cikinsu har da Katrin Krabbe, zakarar duniya a mita 100 da 200 a 1991. Babu haramtaccen magani a ciki, amma Donike ya ce fitsarin duka ukun na mutum ɗaya ne. Lauyoyi suka kuɓutar da su bisa kurakuran da aka yi wajen ɗaukar samfurin da kai shi. Ba a yi wata nawa ba aka sami maganin kilenbuterol a jikin Krabbe, daga nan tauraruwarta ta dushe.

Shi ma Donike bai tsira daga zargi ba. Wani bincike da masana tarihi na Jami'ar Humboldt ta Balin da ta Munsta suka fitar a 2013 a kan shan ƙwaya a Jamus ta Yamma ya tayar da tambaya a kan gwajin da ake yi wa 'yan wasan ƙasar kafin su tafi gasa, wanda masu suka ke cewa amfaninsa shi ne a ɓoye masu laifi a gida, ba a hukunta su ba. Sunan ɗakin Kolon ya fito a wannan muhawara, shi kuwa mai ɗakin ba ya raye balle ya kare kansa. Ita ma dabararsa ta tazarar sinadarai biyu an gano tana da rauni, domin akwai mutanen da halittarsu ta sa tazarar tasu ke sama ba tare da sun sha komai ba, akwai kuma waɗanda, musamman a gabashin Asiya, ko sun yi allurar ba ta cika nunawa. Shi da kansa ya hango wannan, shi ya sa a shekarunsa na ƙarshe ya riƙa kira da a auna kowane ɗan wasa da tarihin jikinsa maimakon a auna kowa da mudu ɗaya. Hukumar WADA, wadda aka kafa a 1999, ta rage iyakar zuwa huɗu bisa ɗaya a 2005, sannan a 2014 ta shigar da bibiyar sinadaran fitsarin kowane ɗan wasa cikin kundin da take ajiye masa, kusan yadda ya nema.

Bai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Ranar 21 ga Agusta, 1995, saura kwana biyu ya cika shekara 62, ya hau jirgi daga Frankfurt zuwa Johannesbag, a kan hanyarsa ta zuwa Harare don shirya ɗakin gwaji na Gasar Wasannin Afirka da Zimbabuwe za ta karɓi baƙuncinta a watan Satumba. Ciwon zuciya ya same shi a cikin jirgin, ya cika kafin a sauka. Wilhelm Schänzer, wanda suka yi aikin sitanozolol tare, shi ya gaje shi a shugabancin cibiyar ta Kolon.