Gilbert Lewis, Mai Ɗige-Ɗigen Allo

'Yan ajinmu za su tuna ranar da malamin kemistiri ya jefa ɗan gutsuren sodiyam cikin ruwa, ya riƙa yawo yana huci, mu kuwa muka ja da baya. Da ya koma allo sai ya rubuta Na da ɗigo ɗaya, Cl da ɗigo bakwai. Na daɗe ina zana ɗige-ɗigen nan ban san mai su ba. Ashe Gilbert Newton Lewis ne.

An haife shi a 1875 a garin Weymouth na jihar Massachusetts a Amurka. Ya sami digirin dakta a Jami'ar Harvard a 1899, ya ƙaro ilimi a Jamus, ya yi aikin kula da ma'aunai a Manila. A 1912 ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya shugabanci kwalejin kemistiri.

A 1916 ya fitar da bayanin da ya sa ake tunawa da shi. Ya nuna cewa ilektoron ɗin da ke zoben waje na ƙwayar zarra su ne ke yanke yadda sinadari zai haɗu da wani. Yawancinsu takwas suke nema. Sodiyam mai ɗaya yakan yar da shi cikin sauƙi, shi ya sa ya haukace cikin ruwa. Kulorin mai bakwai ɗaya yake nema, to idan sun haɗu sai a sami gishirin miya. Niyon kuwa takwas ɗinsa cif, ba ruwansa da kowa. Sabon abin da Lewis ya kawo shi ne ƙwayoyi biyu kan yi tarayya a ilektoron biyu, kamar yadda oksijin da haidurojin suke yi su zama ruwa.

Sau 41 ana gabatar da sunansa don kyautar Nobel, bai taɓa samu ba, alhali ɗalibinsa Harold Urey ya samu a 1934. Ran 23 ga Maris 1946 aka tarar da shi ya mutu a ɗakin gwajinsa.

Labarinsa ya sa na tuna malamanmu. Cikinmu akwai likitoci da injiniyoyi, amma mu nawa ne muka koma muka gaishe su? Waɗanda ke raye mu neme su tun da sauran lokaci. Waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, Allah Ya jiƙansu.