Zhores Alferov: Masanin da ya ci tseren leza, amma kasuwarta ta kuɓuce wa ƙasarsa

A watan Mayun 1970, wasu masana kimiyyar fiziks da ke birnin Leningrad suka aika wa wata mujallar kimiyya rahoton cewa sun ƙera 'yar ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero girma ba, wadda ke fitar da hasken leza ba tsayawa, kuma a cikin yanayin ɗaki, ba sai an daskarar da ita ba. Makonni kaɗan bayan haka, Izuo Hayashi da Morton Panish na cibiyar Bell Labs a Amurka suka cimma irin wannan nasara. Jagoran 'yan Leningrad ɗin shi ne Zhores Alferov, mai shekara 40 a lokacin.

Jikokin wannan ƙwaya ne a yau ke tura haske cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet, har da wayoyin ƙarƙashin teku da ke sauka a gaɓar Legas.

An haifi Alferov ranar 15 ga Maris, 1930, a Vitebsk da ke Belarus ta yanzu. Mahaifinsa manajan masana'anta ne kuma ɗan gurguzu na ga-ni-kashe-ni, abin da sunayen 'ya'yansa ya isa ya shaida: babban ya sa masa Marx, ƙaramin kuma Zhores, takwaran Jean Jaurès, jagoran 'yan gurguzun Faransa da aka kashe a 1914. Marx ya faɗi a fagen daga a 1944, yana da shekara 20. Ƙanin ya kammala sakandare a Minsk, ya yi digiri a kwalejin fasahar lantarki ta Leningrad a 1952, sannan a farkon 1953 ya shiga Cibiyar Ioffe, inda ya shafe kusan dukkan rayuwarsa ta aiki. Yana cikin matasan da suka ƙera tiranzistocin farko na Tarayyar Sobiyet. Littafinsa na ɗakin gwaji ya nuna wadda ta fara aiki ranar 5 ga Maris, 1953, ranar da Stalin ya mutu.

Matsalar zafi

A 1962 aka fara samun leza daga semikondakta a Amurka, wato daga irin sinadaran da ke tsakanin masu barin lantarki ya wuce da masu hana shi. Sai dai abin ya tsaya a ɗakin gwaji. Hasken yana samuwa ne idan elektiron ya faɗa cikin gurbin da wani elektiron ya bari, amma a waɗancan lezoji na farko elektiron da guraben duk warwatsuwa suke yi, hasken ma yana tsiyayewa ta gefe. Dole a ɗura musu lantarki mai yawa, shi kuma ya jawo zafin da zai ƙone su. Shi ya sa ake sanyaya su da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili, ana kunna su ƙyal-ƙyal na ɗan lokaci.

A 1963 Alferov da abokin aikinsa Rudolf Kazarinov suka nemi rajistar wata dabara: a shimfiɗa siririn faifan sinadari ɗaya tsakanin faifai biyu na wani sinadarin daban, na gefen su zama katanga, su tare elektiron da guraben da hasken a tsakiya, kamar yadda shinge ke tare garke wuri guda. A shekarar, Herbert Kroemer, Bajamushen da ke aiki a Amurka, ya wallafa tunani iri ɗaya ba tare da sun san da juna ba. Kamfanin da yake yi wa aiki bai ga amfanin abin ba, ya hana shi kuɗin ci gaba.

Da yawa daga masana sun ɗauka dabarar ta takarda ce kawai, kuma suna da hujja. Kowane sinadari yana da tazarar da ƙwayoyin zarrarsa ke jeruwa a kai. Haɗa biyu masu tazara daban kamar ɗora bulo mai wani awo ne a kan bulo mai wani awon: wajen haɗin zai tsage, tsagar kuma ta shanye hasken. Galiyam asenaid da aluminiyam asenaid tazararsu kusan ɗaya ce, amma na biyun yana lalacewa da ya sha iska mai laima, don haka aka kawar da kai daga gare shi.

Mafitar daga aljihun tebur ta fito. Wani ɗan ƙungiyar, Dmitry Tretyakov, ya gano cewa wasu ƙananan ƙwayoyin gaurayen aluminiyam da galiyam da asenik, waɗanda wani masani a cibiyar ya haɗa ya ajiye sama da shekara biyu, suna nan garau. Ashe gaurayen ba ya lalacewa. A 1967 suka gina faifan farko da shi, daidai lokacin da masanan IBM suka kai ga haka. A 1968 lezarsu ta yi aiki a yanayin ɗaki, ko da yake ƙyal-ƙyal ne. Da Alferov ya gabatar da sakamakon a wani taro a Amurka a 1969, masu sauraronsa suka fahimci cewa an sha gabansu, tseren ya ƙara zafi.

Alƙaluma sun fi bayyana abin da aka yi. A 1968 lezar tana buƙatar kimanin amfiya 4,300 a kowace murabba'in santimita kafin ta kama. A 1970 aka sauko da shi kusan 900. A shekarar ce kuma kamfanin Corning ya samar da zaren gilashin da haske zai yi nisa a cikinsa bai dusashe ba, sai fitila ta samu hanyar bi.

Rijiya da ɗigo

Idan aka ci gaba da sirantar da faifan tsakiyar har ya koma kaurin ƙwayoyin zarra 'yan gommai, elektiron yakan daina ɗaukar ƙarfi yadda ya ga dama, sai a matakai ƙayyadaddu. Wannan shi ake kira rijiyar kwantum, kuma a Bell Labs aka fara tabbatar da ita a 1974. Ba Alferov ne ya buɗe wannan ƙofa ba, amma ƙungiyarsa ta shiga da ƙarfi: a 1988 ta sauko da wancan adadi zuwa amfiya 40. Daga nan aka matse elektiron ta kowace fuska a cikin ɗigon kwantum, tunanin da Yasuhiko Arakawa da Hiroyuki Sakaki na Japan suka gabatar a 1982. A 1994 Cibiyar Ioffe da Jami'ar Fasaha ta Berlin suka nuna leza mai aiki da ɗigogin da ke haɗa kansu da kansu yayin da ake shimfiɗa faifan.

Haɗin gwiwa da Berlin ɗin yana da nasa labarin. Alferov ya zama daraktan Ioffe a 1987, shekara huɗu kafin rushewar Tarayyar Sobiyet. Kuɗin bincike ya ƙafe, masana'antun lantarki suka durƙushe, ɗalibansa da dama suka nufi Jamus da Amurka. Na'urorin faifan CD, da injinan karanta lambar kaya a kantuna, da kayan sadarwar zaren gilashi duk sun dogara da ginin da ya assasa, amma kamfanonin Japan da Amurka da Turai ne suka ci ribarsu. Ko a zamanin Sobiyet, wurin da aikin ya fi samun shiga shi ne sararin samaniya, inda faifan sola na irin wannan gini ya ba tashar Mir wuta.

Wannan takaici ne ya mamaye shekarunsa na ƙarshe. Ya shiga majalisar Duma a 1995, daga 1999 kuma a jerin 'yan takarar jam'iyyar Kwaminis, kuma kusan magana ɗaya yake nanatawa, cewa kimiyyar da babu masana'antar da ke buƙatarta a gida ba za ta ɗore ba. A 2000 aka ba shi kyautar Nobel tare da Kroemer, kowannensu da rubu'i, rabin kuma ya tafi ga Jack Kilby.

Ba a rasa abin faɗa a kansa ba. A 2005 ya karɓi kyautar Global Energy, wadda yana cikin waɗanda suka kafa ta, kuma sukar da aka yi masa kan haka tana da tushe. A 2013 ya nemi shugabancin Majalisar Masana Kimiyya ta Rasha, Vladimir Fortov ya kayar da shi. A shekarar gwamnati ta ƙwace ikon tafiyar da cibiyoyin bincike daga hannun majalisar, duk da adawar da ya yi.

Ya rasu a St Petersburg, sunan da Leningrad ta koma, ranar 1 ga Maris, 2019, saura mako biyu ya cika shekara 89. An binne shi a maƙabartar Komarovo, aka kuma sa sunansa ga ƙaramar jami'ar da ya kafa a birnin a 2002.