Mai Albarka Viktoriya Rasoamanarivo, Uwar da ta Riƙe Garke sa'ad da Babu Makiyayi

Ran 21 ga watan Agusta na kowace shekara Ikilisiyar Madagaska takan yi idin wata mace wadda ba sista ba ce, ba ta kuma zub da jininta kamar shahidan Uganda ba. Matar aure ce. Ta yi shekara 24 a gidan miji mai wuyar zama, ita ce kuma ta tsaya wa masu bi sa'ad da aka kori dukan firistoci daga ƙasarta. Mun ga ya dace mu kawo labarinta a wannan fitowa, gama abu biyu da suka cika rayuwarta su ne suke damun iyalanmu da ƙananan majami'unmu na ƙauye: gidan da babu kwanciyar rai a cikinsa, da jama'ar da ba ta ganin Fada sai an daɗe.

Asalinta da baftismarta

Madagaska babban tsibiri ne cikin Tekun Indiya, gabas da gaɓar Mozambik. A tsakiyarsa, bisa tuddai, birnin Antananarivo yake, inda sarakunan Merina suka yi mulki a ƙarni na 19. A can aka haifi Rasoamanarivo a shekarar 1848, a gidan mulki da wadata. Kakanta Rainiharo shi ne Firayim Minista na Sarauniya Ranavalona ta Ɗaya, wadda ta haramta addinin Kirista tun 1835. A zamanin nan an kashe masu bi da yawa, galibinsu 'yan'uwanmu Furotesta waɗanda mishan na London suka koyar. A 1849, yarinyar tana goye, aka jefo waɗansu daga kan dutse a birnin, aka ƙone waɗansu da wuta. Ta tashi cikin addinin kakanninta, ba ta san Kristi ba.

Da sarauniyar ta rasu a 1861, ɗanta Radama na Biyu ya buɗe ƙofa ga masu bishara. Fadoji 'yan Jesuwit suka shiga birnin, sistocin Yusufu Mai Tsarki na Cluny kuma suka buɗe makarantar 'yan mata. Rasoamanarivo tana da shekara 13 aka sa ta a wannan makaranta. Abin da ta ji a ajin katikizim ya kama zuciyarta, ta roƙi baftisma. Aka yi mata ran 1 ga Nuwamba 1863, ranar idin Dukan Tsarkaka, aka raɗa mata suna Viktoriya, wato mai cin nasara.

Aurenta

Zuciyarta ta karkata ga zaman sista, amma iyaye sun riga sun yanke shawara. Ran 13 ga Mayu 1864 aka ɗaura mata auren zumunci da Radriaka, ɗan Rainilaiarivony, wanda a wannan shekara ya zama Firayim Minista, ya kuma riƙe ragamar ƙasar har 1895. Ga idon duniya babu yarinyar da ta fi ta sa'a. Amma abin da ke cikin ɗaka, mai ɗaka ne ya san shi. Radriaka hafsan soja ne, mashayi, mai bin mata a fili, har abin ya zama abin magana a fada da kasuwa. Allah kuma bai ba su haihuwa ba. Iyayenmu mata sun san nauyin wannan kalma, ba sai mun fassara ba.

Sa'an nan wata wahala ta ƙaru. A 1869 Sarauniya Ranavalona ta Biyu da Firayim Minista suka karɓi baftisma a hannun Furotesta, aka ƙone gumakan sarauta, addinin fada ya zama na Furotesta. Tun daga lokacin aka riƙa duban Katolika a matsayin addinin Faransawa, mai binsa kuwa kamar wanda ya juya wa ƙasarsa baya. Manyan gidaje suka janye 'ya'yansu daga makarantun Fada. Dangin Viktoriya suka matsa mata da lallashi da tsoratarwa, har da barazanar hana ta kwanciya a kabarin kakanninta, abin da Bamalagashe yake tsoro fiye da mutuwa kanta. Ba ta yi faɗa da kowa ba, ba ta kuwa ja da baya ba. Kowace safiya ana ganinta a majami'ar Andohalo wajen Mas, takan daɗe a durƙushe da rozari a hannu, ta koma gida ta kama hidimar mijinta. Bayin gidanta ta ɗauke su kamar 'ya'ya, tana addu'a tare da su, tana jinyarsu in sun kwanta ciwo.

Halin Radriaka ya kai inda mahaifinsa da sarauniya kanta suka ba ta shawara ta rabu da shi. Ta ƙi. Ta bayyana musu cewa auren Kirista alkawari ne a gaban Allah wanda mutum ba shi da ikon warwarewa, ta kuma san idon ƙananan masu bi yana kanta: in jikar Rainiharo ta kashe aurenta, wace mace za a ce wa ta yi haƙuri? Ba a ji ta tana zagin mijinta a gaban mutane ba. Ta ci gaba da yi masa addu'a shekara bayan shekara, ba tare da ganin alamar canji ba.

Shekarun da babu Fada

A watan Mayu 1883 jiragen ruwan yaƙi na Faransa suka buɗe wuta a kan garin Mahajanga, yaƙi ya ɓarke. Gwamnati ta ba da umarni kowane Bafaranshe ya fita daga ƙasar. Da yake fadoji da sistoci da buradodi kusan dukansu Faransawa ne, cikin 'yan kwanaki Ikilisiya ta wayi gari babu firist ko ɗaya. Kafin su tashi, fadojin suka danƙa amanar jama'a a hannun Viktoriya. Mutane da yawa suka zaci an gama da Katolika a Madagaska.

Ran Lahadi ta fari masu bi suka tarar da masu gadi a ƙofofin majami'u. Viktoriya ta tafi wurin surukinta ta tambaye shi ko akwai dokar da ta hana masu bi sujada, ya tabbatar mata babu. Ta komo ta tsaya gaban masu gadin, ta sanar da su cewa in jini za a zubar, sai dai a fara da nata. Aka buɗe ƙofa, jama'a suka shiga bayanta.

Buɗe ƙofa aikin rana ɗaya ne, riƙe jama'a kuwa aikin kusan shekara uku ya zama. Babu Mas, babu furta zunubi, babu Tarayya Mai Tsarki. Masu bi suka zaɓi Burada Rafayel Luwis Rafiringa, ɗan ƙasa na fari da ya shiga ƙungiyar buradodin De La Salle, ya shugabance su. Shi ya kula da makarantu da koyarwa. Akwai kuma wata ƙungiyar samari masu ilimi da ake kira Tarayyar Katolika. Waɗannan suka raba garuruwa da ƙauyukan da ke kewaye da birnin a tsakaninsu. Kowa yakan taka da ƙafa zuwa yankinsa, ya tara jama'a ran Lahadi, a karanta addu'o'in Mas da Bishara, a raira waƙoƙi, a yi rozari, a koyar da katikizim, a yi wa jarirai da masu bakin mutuwa baftisma. Sa'an nan su komo birni su ba da rahoto, a rubuta a littafi, a shawarta abin da za a yi.

Wahalar ta fi tsanani a ƙauye. A can ne masu unguwanni da ƙananan ma'aikata sukan rufe majami'a, su tsorata malamin makaranta, su tilasta wa yara komawa wata makaranta. Talakan ƙauye ba shi da bakin magana a gaban mai mulki, amma Viktoriya tana da shi. Duk ƙarar da ta zo, ita take kai ta fada. Ta riƙa ziyartar majami'u da kanta, ganinta kaɗai yakan sa masu tsanani su sassauta. Ta buɗe jakarta domin malamai da matalauta. Sa'ad da saɓani ya taso tsakanin samarin da Burada Rafayel a kan wane ne yake da ikon me, ita ce ta shiga tsakani da ladabi da ƙarfin hali har aka daidaita. Mu lura da wannan da kyau: macen da ta yi shekara 19 tana koyon haƙuri a ɗakinta, ita ce ta iya haƙuri da shugabanni masu zafin kai. A makarantar gida aka horar da ita domin aikin Ikilisiya.

An ƙulla sulhu a watan Disamba 1885, fadoji suka komo birnin a 1886. Sun yi tsammanin za su tarar da kango, sai suka tarar da majami'u a buɗe, makarantu suna aiki, da masu neman baftisma suna jiransu. Viktoriya ta mayar da amana ga masu ita, ta koma wurin zamanta cikin jama'a, ba ta nemi kujera ko suna ba.

Amsar addu'a

A 1888 Radriaka ya faɗo daga bene a gidan wata farkarsa, ya ji mummunan rauni. Viktoriya ta karɓe shi, ta zauna a gefensa tana jinyarsa. A kan gadon nan mutumin da ya yi shekara 24 yana ba ta kunya ya roƙi baftisma. Ba a sami firist a kusa ba, sai ita da hannunta ta zuba masa ruwa, ta sa masa suna Yusufu. Ya rasu yana ɗan Ikilisiya. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa. Manzo Bitrus ma, a sura ta 3 ta wasiƙarsa ta fari, ya koyar cewa halin mace yana iya jawo mijin da wa'azi bai jawo ba.

Sauran shekarunta shida ta ba da su ga kutare da fursunoni da marasa lafiya. Ta rasu ran 21 ga Agusta 1894, tana da shekara 46. Aka binne ta a kabarin kakanninta, wanda dā aka yi barazanar hana ta. Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya ɗaga ta zuwa matsayin Mai Albarka a Antananarivo ran 30 ga Afrilu 1989. Burada Rafayel ya sami wannan daraja a 2009. Yanzu ƙasusuwanta suna wani ƙaramin ɗakin addu'a kusa da babbar majami'ar Andohalo, inda Paparoma Faransis ya yi addu'a a watan Satumba 2019.

Abin da ya rage mana

Da fari, ga iyayenmu mata masu ɗauke da irin wannan kaya. Viktoriya ta san hawayenku. Haƙurinta bai zama na wadda ba ta da mafita ba, gama sarauniya da kanta ta buɗe mata hanya. Ita ta zaɓi zama, domin ran mijinta. Amma dole mu faɗi gaskiya duka: Ikilisiya ba ta ce mace ta zauna a kashe ta ba. Dokar Ikilisiya ta 1153 ta yarda da raba wurin zama in akwai hatsari mai tsanani ga rai ko jiki, na mace ko na 'ya'ya, ko da yake igiyar aure tana nan. Wadda take cikin irin wannan hali ta zo wurin Fada, kada ta ɓoye. Mu maza kuwa, kada wani ya ɗauki labarin nan ya kai wa matarsa domin ya ci gaba da shan burkutu. Radriaka ya sami jinƙai a sa'a ta ƙarshe, amma babu wanda aka yi wa alkawarin irin wannan sa'a.

Na biyu, ga majami'unmu na ƙauye. Mu firistoci kaɗan ne, garuruwa kuwa da yawa, da damina ma hanya takan yanke. Sau da yawa mukan ji ana cewa ba a taru ran Lahadi ba domin Fada bai zo ba. Mutanen Madagaska sun yi kusan shekara uku ba su ga Fada ba, amma ba su bar taruwa ba, domin kowa ya ɗauki abin da baftismarsa ta ɗora masa. Katikis da yake taka sawu zuwa ƙauye na gaba, da 'yan Zumuntar Mata da suke share majami'a suna ziyartar marasa lafiya, da saurayin da yake tara yara a gindin bishiya yana koya musu alamar gicciye, aikin Viktoriya suke yi. Muna roƙon kowace majami'a ta dubi ƙauye ɗaya kusa da ita inda ba a taruwa, ta zaɓi mutum biyu ko uku su riƙa zuwa can kowace Lahadi. Waɗanda kuma Allah ya ba matsayi ko dukiya, su tambayi kansu ko ƙananan masu bi sun taɓa shan inuwarsu.

Ya Allah, wanda ka ba baiwarka Viktoriya haƙuri a gida da ƙarfin zuciya a bakin ƙofar majami'a, ka ba iyalanmu salama, ka tsare jama'arka a wuraren da babu makiyayi, ta wurin Kristi Ubangijinmu. Amin.

Mai Albarka Viktoriya Rasoamanarivo, ki yi addu'a dominmu.