Mamman Shata: Mawaƙin da ya ga tashi da faɗuwar garmaho

An haifi Alhaji Mamman Shata Katsina a Musawa a shekarar 1923. Mahaifinsa, Ibrahim Yaro, bai so ya yi waƙa ba, domin ba gadon gidansu ba ce.

Shata ya yi tallan goro da alewa kafin kalangu ya rinjaye shi. Ya zauna a Bakori, cikin ƙasar auduga, sunansa kuma ya fito sosai a 1952 wajen bikin 'ya'yan sarki a Kano. Daga baya ya kafa gida a Funtua, inda ya shafe kimanin shekaru 25 na ƙarshen rayuwarsa.

Akasarin waƙoƙin ƙuruciyarsa sun bi iska, saboda babu na'urar da ta ɗauke su. Garmaho na daga cikin abubuwan da suka fara kai muryarsa gidajen da bai taɓa takawa ba.

Akwati ne da ake ɗauka a hannu, a wana shi, a ɗora faifai, jama'a su kewaye. Sai dai faifan farko da ya faɗi ya fashe, na roba da ya biyo baya kuwa zafin rana kan lanƙwasa shi, ƙura ta karce shi. Ƙaramin faifai ba ya wuce 'yan mintoci a kowane gefe, alhali Shata mutum ne mai tsara waƙa nan take, ya ja ta yadda ya ga dama.

A 1963 ne kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset, daga baya ya bar wa sauran kamfanoni su ƙera kyauta. Da kuɗin man fetur suka yalwata a shekarun 1970, rikoda mai batir ta cika kasuwannin Arewa.

Manomin da ya sayar da audugarsa a Funtua ko Malumfashi yana iya sayen ta, ya rataya a keke ya tafi gona. Kaset guda na ɗaukar awa ɗaya ko ɗaya da rabi, kuma gargadar hanya ba ta sa shi tsalle.

Amma abin da ya karya garmaho shi ne, rikoda tana naɗa. Mai faifai sai abin da kamfani ya zaɓa masa. Mai rikoda kuwa yana iya ɗaukar Shata a wurin biki, ko daga Rediyon Kaduna, ya kwafa wa abokinsa.

Wannan sauƙi ya buɗe ƙofar satar fasaha. Kasuwar Ƙofar Wambai a Kano ta zama cibiyar kwafar kaset, manyan kamfanonin faifai na waje kuma cinikinsu ya durƙushe.

Shata bai ci moriyar ɗimbin kaset ɗin da aka sayar da muryarsa yadda ya kamata ba. Abin da ya tsare shi, arzikinsa ya fi dogara ga wasa da kyautar iyayen gida. Kuma waɗannan kwafe-kwafen sun taimaka wajen adana waƙoƙi da dama da kamfani bai taɓa bugawa ba.

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba shi digirin girmamawa na dakta a 1988. Ya rasu a Kano ranar Juma'a, 18 ga watan Yunin 1999, aka binne shi a Daura, garin ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar.