Likita Mila na Zariya, mutumin da ya sa wasiƙun manzanni a bakin Hausa

Tarihinmu na wannan mako na wani Bature ne da ya rasu tun 1952. Sunansa Walter Miller, amma Zazzagawa Likita Mila suke ce masa. Duk wanda ya taɓa kai mara lafiya asibitin Galmi ya ji ana karanta Littafi Mai Tsarki da Hausa, to ya ji aikin da wannan mutum ya ɗora wa tushe.

An haife shi a Ingila a 1872, ya yi karatun likita a Landan, ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Hausa kuwa a Tarabulus ya fara koyonta, cikin fatake da alhazai da bayin da aka ƙetaro da su Sahara. Wato tun kafin samarin Adar su fara tafiya biɗa Libiya, akwai Hausawa a can har da za su koya wa baƙo harshe.

A 1900 ya biyo Bishop Tugwell da wasu Turawa uku daga Legas har Kano. Sarki Alu bai karɓe su ba, ya ba su kwanaki kaɗan su bar masa gari. Suka koma Girku, kudu da Zariya, inda ɗayansu ya rasu. Mila dai bai haƙura ba. A 1905 ya samu zama cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta.

Wasiƙun da ya sha wahalar fassarawa guda 21 ne a cikin Sabon Alkawari, 13 da sunan Manzo Bulus, sauran sun haɗa da na Bitrus, Yakubu, Yohanna da Yahuza. Da harshen Girka aka rubuta su, na farko wajen shekara ta 50 bayan haihuwar Annabi Isa, zuwa ga ƙananan jama'u da ke taruwa a gidajen mutane a birane irin su Koranti, Tasalonika da Roma. Tun daga farko an rubuta su ne don a karanta da ƙarfi gaban taro, kamar dai yadda a da ɗan cin rani ke aiko takarda gida, a kira ɗan lakwal ya karanta wa kowa a zaure.

Abin da ke ciki ma na zaman yau da kullum ne fiye da yadda mutane ke zato. Mutanen Koranti sun rabu ƙungiya-ƙungiya, kowa da malaminsa, har suna kai juna gaban alƙali, Bulus ya rubuta musu yana tsawatarwa. Ya kuma nemi su riƙa ware wani abu kowace ranar farko ta mako don a kai wa matalautan Urushalima. A Tasalonika wasu sun ajiye sana'a suna jiran tashin duniya, aka ce musu su koma aiki su ci guminsu. Shi Bulus kansa ɗinkin tanti yake yi. Wasiƙar Yakubu ta fi zafi. Ta kama mai gonar da ya riƙe kuɗin ƴan ƙwadago, da mai ba attajiri wurin zama mai kyau ya bar talaka a tsaye, da mai sakin harshe. Ta ce bangaskiyar da ba aiki a bayanta matacciya ce. A kan wannan kam, ina jin liman da fasto ba za su yi gardama ba.

Akwai wata gajeruwa zuwa ga Filimon, wani mai gida da bawansa Unisimas ya bar shi. Bulus ya mayar da bawan da takarda a hannu, yana roƙon a karɓe shi kamar ɗan uwa, in da bashi a kansa shi zai biya. Ku tuna fa, Mila yana juya wannan zuwa Hausa ne a Zariyar da rinjin bayi ke nan daram. Kuma ba shi ya fara ba. Kafinsa akwai Schön, Bajamushe, wanda ya fitar da Sabon Alkawari a 1880 bai taɓa zama ƙasar Hausa ba. Babban mataimakinsa Dorugu ne, yaron ƙasar Damagaram da aka kama bawa, aka ƴanta shi, ya bi Barth zuwa Turai a 1855. Kenan akwai hannun ɗan Nijar a farkon aikin.

Wahalar tana ga kalmomi. Bahaushe ya riga ya san Allah, manzo, zunubi, tuba da aljanna ta hanyar Musulunci, kuma da waɗannan aka yi aiki. Da aka zo kan babbar koyarwar Bulus ga Romawa da Galatiyawa, cewa ceto kyauta ce ba ladan aiki ba, sai aka ɗauki alheri da bangaskiya, kalmomin da ake ji a kasuwa. Mila da abokan aikinsa Hausawa da wakilan wasu mishan suka yi shekaru a kai, har cikakken littafin ya fito a 1932. Da boko aka buga shi, don Mila na cikin waɗanda suka matsa wa Gwamna Lugga a bar ajami a kama haruffan Turawa. Rubutun da kuke karantawa yanzu daga can ya biyo.

Ba mutum ne mai sauƙin kai ba. Bakinsa da kaifi a kan Musulunci da sarakuna, abin da ya ɓata wa mutane da yawa rai, kuma a ganina ya rufe masa ƙofofin da maganinsa ya buɗe. Ƙarar da ya riƙa kaiwa a kan Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi na cikin abin da ya sa aka tuɓe sarkin aka kai shi Lokoja. Su ma Turawan mulki ba su sha da daɗi ba, har littafi ya rubuta a 1947 yana tambaya ko Ingila ta gaza a Nijeriya.

Cikin birnin Zariya kaɗan ne suka bi addininsa. Waɗanda suka zo da yawa su ne Isawa, almajiran Malam Ibrahim da aka kashe a Kano tun kafin zuwan Turawa saboda girman da yake ba Annabi Isa. An kafa musu ƙauye a Gimi, sai ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna. A 1929 aka fitar da mishan daga birni zuwa Wusasa, inda coci da makaranta da asibiti suke har yau. Cikin ɗaliban Mila akwai Dakta R.A.B. Dikko, likitan farko ɗan Arewacin Nijeriya, kuma a Wusasa Yakubu Gowon ya tashi.

Mila bai yi aure ba. Ya koma Ingila na ɗan lokaci, zaman bai karɓe shi ba, ya dawo Nijeriya. Ya rasu a ƙasar Jos yana da shekara 80, shekara biyu bayan mishan ta SIM ta buɗe asibitin Galmi a kan hanyar Ƙwanni zuwa Madawa.